Carl Linnaeus: Ɗan ƙauyen da ya hau duwatsu neman furanni, ya bar wa duniya tsarin raɗa wa tsirrai suna

Kusan duk shekara sai an ji labarin cewa masana sun gano wani sabon fure a kan wani tsauni a Turkiyya, ko Iran, ko Girka. Sau da yawa furen ɗan ƙarami ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ya maƙale a tsagin dutse, kuma yakan fito ne daga dangin tsirran da masana ke kira Caryophyllaceae. Idan aka zo sanar da shi ga duniya, sai a ba shi suna mai kalma biyu cikin harshen Latin, a ajiye busasshen samfurinsa a wata ma'ajiya domin ya zama shaida.

Wannan tsari na suna mai kalma biyu aikin wani mutumin ƙasar Suwidin ne da ya rasu fiye da shekara 240 da suka wuce. Sunansa Carl Linnaeus. Shi ne ya tabbatar da sunayen manyan gidajen wannan dangi na furanni, irin su Dianthus da Silene, kuma shi ne ya raɗa sunayen kimiyya na tsamiya da gyaɗa da riɗi da lalle da yakuwar da ake zoɓo da ita. Ya bar aiki mai amfani, ya kuma bar wani tabo da ya shafi baƙar fata kai-tsaye.

Yaron da malamai suka yanke wa ƙauna

An haifi Linnaeus ranar 23 ga Mayun 1707 a ƙauyen Råshult da ke lardin Småland a kudancin Suwidin. Mahaifinsa, Nils, limamin coci ne mai ƙaramin ƙarfi. Mahaifiyarsa, Christina, 'yar limamin cocin Stenbrohult ce, kuma can iyalin suka koma tun yana jariri.

A wancan zamani yawancin mutanen karkarar Suwidin ba su da sunan zuriya, kowa da sunan mahaifinsa ake kiransa. Da Nils ya shiga jami'a aka buƙaci ya kawo suna, sai ya ɗauko shi daga wata katuwar bishiya da ke gonar gidansu, wadda ake kira lind a harshensu. Daga nan sunan Linnaeus ya samo asali.

Nils mutum ne mai son lambu, kuma ya tara tsirrai iri-iri a bayan gidansa. A nan ɗansa ya fara koyon sunayensu tun kafin ya iya karatu. Burin iyayen shi ne ya gaji mahaifinsa a aikin coci, don haka aka tura shi makaranta a garin Växjö. Sai dai yaron ya fi son yawon daji a kan darussan addini da harshen Girka. Malamansa suka shaida wa mahaifinsa cewa ba su ga alamar zai yi nisa a karatu ba.

Wani likita da ke koyarwa a makarantar, Johan Rothman, shi ne ya hango abin da sauran ba su gani ba. Ya ba da shawarar a bar yaron ya karanci likitanci, domin a lokacin ilimin tsirrai ɓangare ne na ilimin magani. Ya ɗauke shi zuwa gidansa ya koyar da shi, ya kuma nuna masa rubuce-rubucen masanan Faransa kan yadda ake rarraba tsirrai.

A 1727 ya shiga Jami'ar Lund, bayan shekara guda ya koma Jami'ar Uppsala. Ya sha fama da talauci a can, har sai da wani dattijon malami, Olof Celsius, ya gamu da shi a lambun jami'ar, ya yi mamakin yadda ya san tsirrai, ya ba shi ɗaki da abinci da izinin shiga ɗakin littattafansa. Zuwa 1730, yana ɗalibi, har ya fara koyar da 'yan uwansa ɗalibai a madadin Farfesa Olof Rudbeck.

Namiji da mace a cikin fure

Duk manomi ya san akwai namijin gwanda da ba ya 'ya'ya, kuma masu noman dabino sun daɗe da sanin sai an kai garin furen namiji kan macen kafin ta yi albarka. A Turai ta ƙarni na 18, masana sun fara fahimtar cewa wannan lamari ya shafi dukan tsirrai masu fure. A cikin yawancin furanni akwai siraran zaruruwa masu ɗauke da gari a kansu, su ne ɓangaren namiji, sannan a tsakiya akwai ɓangaren mace wanda ke zama 'ya'ya.

Linnaeus ya ga cewa za a iya amfani da wannan wajen rarraba tsirrai. Ya kasa su aji 24, galibi bisa yawan zaruruwan namiji da yadda suka jeru. Kowane aji kuma ya sake kasa shi bisa yawan sandunan mace. Amfanin tsarin shi ne sauƙi. Duk wanda ya iya ƙirge, yana da ɗan gilashin ƙara girma a hannu, zai iya buɗe fure ya gano inda ya faɗa a littafi.

Dangin Caryophyllaceae misali ne mai kyau. Yawancin furanninsu na da zaren namiji goma, don haka suka faɗa aji na goma. Idan sandunan mace biyu ne, to ana maganar gida irin na Dianthus. Idan uku ne, gida irin na Silene. Idan biyar ne, gida irin na Cerastium. Har gobe mai nazarin waɗannan furanni yakan fara ne da wannan ƙirge.

Ba kowa ne ya yi na'am da tsarin ba. Wani masani da ke birnin St. Petersburg na Rasha, Johann Siegesbeck, ya soke shi a 1737, yana ganin rashin kunya ne a riƙa koya wa matasa ilimin fure da misalan aure da ɗakin kwana. Wasu kuma suka ce tsarin yana haɗa tsirran da ba su da dangantaka don kawai adadin zaruruwansu ya zo ɗaya. Shi kansa Linnaeus ya yarda cewa tsari ne na wucin gadi, kafin a samu wanda ya fi shi.

Tafiyar Lapland

A watan Mayun 1732, yana dab da cika shekara 25, ya hau doki shi kaɗai ya bar Uppsala ya nufi arewa. Ƙungiyar masana kimiyya ta birnin ce ta ba shi kuɗin guzuri domin ya binciko yankin Lapland, ƙasar sanyi da ƙanƙara inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazara. Kayansa ba su da yawa: littafin rubutu, da tawada, da gilashin ƙara girma, da takardun busar da tsirrai, da wata hula mai raga don kare fuska daga sauro.

Ya bi gaɓar teku har garin Umeå, ya kutsa cikin ƙasa, inda ya maƙale a fadamun yankin Lycksele, yunwa da sanyi suka tilasta masa juyowa. Bai haƙura ba. Ya ƙara gaba zuwa Luleå, ya bi kogi ta Jokkmokk zuwa Kvikkjokk, a watan Yuli ya hau tsaunukan da suka raba Suwidin da Norwe, ya gangara har bakin teku a ɗaya ɓangaren.

A kan waɗannan tsaunuka ne ya ci karo da tsirran da bai taɓa gani ba. A can babu bishiya, iska ba ta tsayawa, lokacin ɗumi kuma 'yan makonni ne. Tsirran wurin gajeru ne, suna manne da ƙasa, suna gaggawar yin fure da 'ya'ya kafin ƙanƙara ta dawo.

Ɗaya daga cikin fitattun tsirran irin waɗannan wurare shi ne wanda a yau ake kira Silene acaulis. Yana girma ne a dunƙule kamar matashin kai, ganyayensa ƙanana sun cushe da juna, sai furanni masu ruwan hoda su lulluɓe shi. Wannan dunƙulewa tana riƙe ɗumi da danshi, tana kuma kare shi daga iska, yayin da doguwar saiwa guda ke riƙe shi a cikin tsakuwa. Yana girma a hankali ƙwarai, kuma dunƙule ɗaya kan yi shekaru masu yawa a raye.

Bai yi wannan tafiya da ƙarfin kansa kaɗai ba. Mutanen Sami, 'yan asalin yankin masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar sanyi, su ne suka yi masa jagora, suka ciyar da shi, suka nuna masa tsirran da suke ci da waɗanda suke magani da su. Ya rubuta abubuwa da yawa kan rayuwarsu, ya kuma yaba lafiyarsu da juriyarsu.

Ya dawo Uppsala a watan Oktoba ta hanyar Finlan, bayan tafiyar fiye da kilomita 2,000, ɗauke da tsirrai kusan 100 da masana ba su taɓa bayyanawa ba. Masu tarihi sun gano daga baya cewa ya ƙara gishiri a rahoton da ya miƙa game da nisan da ya yi. Amma tsirran na gaske ne, kuma su ne tushen littafinsa Flora Lapponica na 1737, wanda ya ƙunshi nau'i fiye da 500.

Shekaru uku a Holan

A garin Falun mai ma'adinin tagulla ya haɗu da Sara Elisabeth Moraea, 'yar likitan garin. Aka yi baiko a 1735, aka jinkirta aure sai ya samu shaidar zama likita da abin riƙe iyali. Don haka ya nufi Holan.

A hanya ya tsaya a Hamburg ta Jamus, inda aka nuna masa gawar wani dodo mai kai bakwai da magajin garin ke fatan sayarwa da tsada. Linnaeus ya duba ya ce haɗi ne: an ɗinka fatun macizai ne da haƙora da ƙafafun wasu ƙananan dabbobi. Maganar ta karya darajar kayan, shi kuma bai daɗe a birnin ba.

A Jami'ar Harderwijk ya samu digirin likita cikin 'yan kwanaki, domin ya zo da kundinsa a rubuce. Kundin a kan zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya ɗora laifin cutar a kan laka da ke cikin ruwan sha. Ya yi kuskure. Sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa ta.

A wannan shekara ta 1735 aka buga Systema Naturae a birnin Leiden. Bugun farko 'yan shafuka ne manya, waɗanda suka jera dabbobi da tsirrai da ma'adinai a cikin jadawali. Mutum biyu ne suka biya kuɗin bugawa: Jan Frederik Gronovius da wani likita ɗan Sikotilan, Isaac Lawson. Linnaeus ya saka wa Lawson ta hanyar sa wa wani tsiro sunansa. Tsiron shi ne lalle, wanda har yau sunansa na kimiyya Lawsonia inermis.

Shekarar ta zo masa da rashi. Babban amininsa tun daga Uppsala, Peter Artedi, masanin kifaye, ya faɗa wata mashigar ruwa a Amsterdam da dare ya nutse. Sun taɓa yin alƙawarin cewa duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan zai fitar da aikinsa. Linnaeus ya cika alƙawari, ya buga littafin Artedi kan kifaye a 1738.

Wani attajiri kuma, George Clifford, ɗaya daga cikin daraktocin kamfanin Holan da ke kasuwanci da gabashin Asiya, ya ɗauke shi ya kula masa da lambunsa a Hartekamp. Jiragen kamfanin na kawo tsirrai daga Asiya da Afirka ta Kudu, don haka Linnaeus ya samu damar ganin abin da bai taɓa gani ba. A nan ya sa ayaba ta yi fure a ɗakin ɗumama tsirrai, abin da ya ba mutane mamaki. Ya ziyarci Ingila a 1736, ya bi ta Faris a 1738, sannan ya koma gida. Bai sake fita daga Suwidin ba har ya mutu.

Suna mai kalma biyu

Ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Stockholm, ya yi aure a 1739, kuma a shekarar ya kasance cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin. A 1741 ya zama farfesa a Uppsala, ya gyara lambun jami'ar da ya lalace. Yakan fita da ɗalibai daji neman tsirrai, su dawo gari da yamma da ganguna da ƙaho.

Matsalar da ta dami masana a lokacin ita ce suna. Sunan tsiro a littafi jimla ce ta Latin da ke bayyana siffarsa, wani lokaci kalma goma ko fiye. Idan aka gano wani mai kama da shi, sai a ƙara wa sunan tsawo don a bambanta su. Kowane marubuci kuma da nasa. Likita a Jamus da likita a Italiya na iya yin gardama a kan tsiro ɗaya suna zaton biyu ne.

Wani aiki na kiwo ya taimaka wajen nuna mafita. Linnaeus ya tura ɗalibansa su bi shanu da awaki da tumaki da dawaki da aladu, su rubuta ciyawar da kowace dabba ke ci da wadda take ƙi. Mai bin akuya a daji ba shi da lokacin rubuta suna mai kalma goma. A rahoton da ya fito a 1749 an yi amfani da gajerun sunaye.

A 1753 ya fitar da Species Plantarum cikin juzu'i biyu, inda ya jera nau'in tsirrai kusan 6,000. A gefen kowane dogon bayani ya rubuta kalma guda, wadda idan aka haɗa ta da sunan gidan tsiron sai a samu suna mai kalma biyu. Kalmar farko kamar sunan gida ce, ta biyu kamar sunan yanka. Wasu masana, musamman Caspar Bauhin na Suwizalan, sun taɓa amfani da gajerun sunaye jefi-jefi tun kafin shi. Linnaeus ne ya bi tsarin daga farkon littafi har ƙarshe, ga kowane tsiro.

Daga baya masana tsirrai na duniya suka amince cewa daga ranar 1 ga Mayun 1753 ake fara lissafin sunayen da suka halatta. Ga dabbobi kuma daga bugu na goma na Systema Naturae na 1758, inda ya ware rukunin dabbobi masu shayarwa. Shi ya sa za ka ga harafin L. a bayan sunaye irin su Tamarindus indica, wato tsamiya, da Hibiscus sabdariffa, wato yakuwa. Harafin na nufin Linnaeus ne ya raɗa sunan.

Ina alaƙar furen da kanumfari?

Shahararren ɗan wannan dangi shi ne furen da Turawa ke kira kaneshan, wanda ake nomawa don ado da kyauta. Ƙamshinsa ya yi kama da na kanumfari. Larabawa na kiran furen da kayan ƙamshin da suna ɗaya, ƙaranful, kuma daga wannan kalma Hausa ta samu kanumfari. Turawan da ma haka suka yi, suna kiran su biyun da kalmar caryophyllus.

Linnaeus ya raba gardamar. Ya sa wa furen suna Dianthus caryophyllus, ya kira bishiyar kanumfari Caryophyllus aromaticus. Daga baya aka mayar da bishiyar wani gida, yanzu sunanta Syzygium aromaticum, kuma danginta ɗaya da gwaiba. Ba ta da wata dangantaka ta kusa da furen, ƙamshi ne kawai ya haɗa su.

A littafin na 1753 ya raɗa wa 'yan dangin da dama da ke zaune a tsaunuka suna, ciki har da Dianthus alpinus na tsaunukan Ostiriya da Cerastium alpinum na ƙasashen arewa. Shi kuwa tsiron nan mai kama da matashin kai, ya sa shi a wani gida mai suna Cucubalus. A 1762 wani masani a birnin Biyana, Nikolaus von Jacquin, ya mayar da shi gidan Silene, ya bar masa kalmar acaulis, wadda ke nufin marar kara. Wannan na nuna yadda tsarin ke karɓar gyara: ana iya sauya wa tsiro gida ba tare da an ɓatar da tarihinsa ba.

Sunan dangin baki ɗaya kuwa Bafaranshe Antoine-Laurent de Jussieu ne ya kafa shi a 1789, cikin wani tsari da ke duba siffofi da yawa a lokaci guda. Wannan tsari ne ya ture na ƙirgen zaruruwa. A yau an san nau'i fiye da 2,000 a dangin. Ana gane su da ganyaye masu fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, da gaɓoɓin kara masu ɗan kumburi, da fure mai kunne biyar wanda sau da yawa bakinsa a tsage yake.

Ɗaliban da ba su dawo ba

Da ya daina tafiya, sai ya riƙa tura ɗalibansa sassan duniya su turo masa tsirrai. Mutum 17 ne suka yi suna a wannan aiki, kuma da dama daga cikinsu sun biya da rayukansu.

Na farko, Christopher Tärnström, ya rasu a 1746 a hanyarsa ta zuwa Sin, ya bar mata da 'ya'ya. Matar ta ɗora wa Linnaeus laifi, daga nan ya fi son tura waɗanda ba su da aure. Fredrik Hasselquist ya zagaya Masar da Falasɗinu, ya rasu a 1752 kusa da birnin Izmir na Turkiyya da bashi a kansa, sai da sarauniyar Suwidin ta biya kafin a saki kayan da ya tara. Pehr Löfling ya rasu a Benezuwela a 1756. Peter Forsskål, wanda ya rubuta sunayen Larabci na tsirran Masar da Yaman, zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim a 1763.

Wasu sun dawo lafiya. Pehr Kalm ya je Arewacin Amurka, Daniel Solander ya bi jirgin Kyaftin Cook, Carl Peter Thunberg ya kai Afirka ta Kudu da Japan. Adam Afzelius ya zo Saliyo a 1792, bayan rasuwar malaminsa, kuma da sunansa aka raɗa wa bishiyar kawo Afzelia africana.

A nan akwai abin lura. Mutanen da ke zaune da waɗannan tsirrai sun san su, sun kuma ba su suna tun kaka da kakanni, amma sunayen kimiyya sun fi tunawa da baƙin da suka kai su Turai. Kuka misali ce. Linnaeus ya kira ta Adansonia digitata don girmama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi shekaru a Senegal. Shi kuwa Adanson bai goyi bayan tsarin Linnaeus ba, ya fi son a riƙa amfani da sunayen da ake kiran tsirrai da su tun asali.

Tabon da ya bari

Linnaeus ya sa ɗan Adam a cikin jadawalin dabbobi, kusa da birai, abin da ya fusata wasu malaman coci. Shi ne ya raɗa sunan Homo sapiens a 1758. Tun a 1735 ya kasa mutane gida huɗu bisa nahiya da launin fata: Turai, Amurka, Asiya da Afirka.

A bugun 1758 ya ƙara wa kowane rukuni ɗabi'u. Ya ba Turawa kaifin basira da bin doka, ya jingina wa 'yan Afirka lalaci da wayo da sakaci. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, ya dogara ne da labaran matafiya a zamanin da cinikin bayi ke kan ganiyarsa. Marubutan da suka biyo baya sun yi amfani da irin wannan rabo wajen kare wariyar launin fata da sunan kimiyya. Binciken ƙwayoyin gado na zamani ya nuna rabon ba shi da tushe, kuma ƙungiyar da ke riƙe da kayansa a Landan ta fito fili ta amince da wannan ɓangare na tarihinsa.

Ƙarshen rayuwa

Sarkin Suwidin ya ba shi sarauta a 1761, ya koma Carl von Linné. Ya sayi gona a Hammarby kusa da Uppsala, kuma bayan gobarar da ta ci wani ɓangare na birnin a 1766, ya gina ɗakin dutse a kan tudu ya adana tarin tsirransa. Ya yi ta ƙoƙarin noma shayi a Suwidin don rage sayo kaya daga waje, sanyi ya hana.

A 1774 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ta sake dawowa a 1776. Mutumin da ya raɗa wa dubban halittu suna ya kai matsayin da ba ya gane littattafan da ya rubuta da hannunsa. Ya rasu ranar 10 ga Janairun 1778, aka binne shi a babban cocin Uppsala.

Ɗansa Carl ya gaje shi a kujerar farfesa, amma ya rasu a 1783. Matar Linnaeus, da 'ya'ya mata a gabanta, ta sayar da kayan ga wani matashi Bature ɗan Ingila, James Edward Smith, a kan gini 1,000 na kuɗin Ingila. Busassun tsirrai kusan 14,000 da littattafai da wasiƙu suka tsallaka teku a 1784. Smith ya kafa ƙungiyar Linnean a Landan a 1788, kuma a zamanta na 1 ga Yulin 1858 ne aka fara karanta takardun Charles Darwin da Alfred Russel Wallace kan yadda halittu ke sauyawa.

Yadda ake bayyana sabon fure a yau

Mai binciken da ya tsinci wani baƙon Dianthus ko Silene a kan tsauni yana bin matakai ne sanannu. Zai ɗebo tsiron da furensa da 'ya'yansa, ya danne shi tsakanin takardu ya bushe, ya rubuta wurin da tsayinsa da irin dutsen. Zai kwatanta shi da samfuran da ke ma'ajiyoyi, ya auna tsawon kofin furen, ya duba gashin kara da fatar iri a na'urar ƙara girma. Yawanci yanzu akan haɗa da gwajin ƙwayoyin gado.

Idan ya tabbata sabo ne, sai ya zaɓi samfuri guda ya zama na asali, wanda sunan zai rataya a kansa har abada, ya ajiye shi a ma'ajiyar da kowa zai iya zuwa ya duba. A Najeriya akwai irin wannan ma'ajiya a cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan. Daga 1935 dole ne a rubuta bayanin da Latin, amma tun 1 ga Janairun 2012 an yarda da Ingilishi, an kuma yarda a wallafa a intanet.

Tsaunuka na yawan ba da sababbin nau'i ne saboda kowane ƙololuwa kamar tsibiri yake. Tsirran da suka maƙale a can sun rabu da 'yan uwansu tsawon dubban shekaru, har suka bambanta. Wannan ne kuma ke jefa su cikin haɗari. Nau'in da duk duniya a gangare ɗaya yake, kiwo fiye da kima ko haƙar dutse ko sabuwar hanya na iya shafe shi. Ɗumamar yanayi na tura tsirran sanyi sama, kuma wanda ya riga ya kai ƙololuwa ba shi da wurin zuwa.

Masana na bayyana sababbin nau'in tsirrai kusan 2,000 a kowace shekara. Tsiron da ba shi da suna ba ya shiga jerin halittun da ke fuskantar barazana, hukuma ba za ta iya sa shi a doka ba, mai binciken magani ma ba zai iya neman sa a littafi ba. Shi ya sa har yau ake hawa duwatsu da takardun busar da tsirrai, kamar yadda Linnaeus ya yi a 1732.